Minti Biyu a Gaban Salula

Neman ƴan wasa ya fara komawa cikin waya. A da, matashin da ke son shiga fim ɗin Hausa daga wajenmu sai ya haɗa kuɗin mota, ya bi ta Ɗan Issa da Jibiya da Katsina ya sauka Kano, ya yi ta zarya a ofisoshin titin gidan Zoo, wani lokaci kwana da kwanaki ba wanda ya tambaye shi ko sunansa. Yanzu sanarwa ce za ta faɗo a WhatsApp ko Instagram: ana neman sababbin fuskoki, ga rubutu shafi ɗaya, ɗauki kanka minti biyu ka turo. Mu a nan kastin muke ce masa, mutanen Kano su ce odishin. Annobar korona ta 2020 ce ta kafa wannan hanya a masana'antun fim na duniya. Mu kuwa mun ƙara ganin ranarta lokacin da aka rufe iyakarmu da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka shafe watanni Kano ta yi wa ɗan Maraɗi nisa, alhali tafiyar yini ɗaya ma ba ta kai ba.

Ni ba darakta ba ce, aikin rediyo nake yi. Sai dai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa suna yawan zuwa tasharmu, kuma da dama cikin yaran sukan turo mini bidiyonsu in duba kafin su aika. Abin da na lura da shi, kusan dukkansu darasi ɗaya suka sha, daga bidiyoyin nasiha na Faransanci da Ingilishi da suka cika YouTube: nemi haske, nemi bango, sayi maɗorin waya, sayi fitilar nan mai zobe. Nasihohin ba ƙarya ba ne, amma duk na ido ne, kuma don wasu ɗakuna da wasu fatu aka yi su. Bidiyon da na ga ya faɗi, yawanci ta kunne ya faɗi: ko dai ba a jin ɗan wasan da kyau, ko shi ɗan wasan ba ya jin wanda ke yi masa magana.

Bari mu fara da ɗaki. Yaro zai zagaye gidansu da na maƙwabta ya zaɓi falo mai tayil da rufin kwano, wanda babu komai cikinsa, don shi ya fi kyan gani. Shi ne kuma mafi munin ɗaki ga murya. Sauti yana dukan bango ya dawo ya hau kan na bayansa, sai ka ji mutum kamar daga cikin rijiya yake magana. Ɗakin tsohuwa na ƙasa, mai tabarma da katifa da labule da tulin kayan sawa, ya fi wannan falo nesa ba kusa ba, domin kaya masu laushi suna shanye amsa-kuwwa. Mu a rediyo idan aiki ya ritsa da mu a waje babu situdiyo, cikin mota muke shiga mu ɗaga gilashi, ko mu lulluɓa da bargo mu karanta rahoto. Ba wanda ya taɓa ganin bargon, amma kowa ya ji rahoton tas.

Makirfon salula ƙarami ne, abin da ya fi kusa da shi yake ɗauka. Idan ka ja baya taku huɗu don a ga takalminka, ka ba fanka da akuyar maƙwabta muryarka. Taku ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa, hoto ya tsaya daga ƙirji zuwa saman kai. A kashe fanka ko da zafin watan Afrilu ne, minti biyu ba za su kashe kowa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sassafe, gari ya yi haske amma ƴan kabu-kabu da injin niƙa ba su tashi ba tukuna. Da ka gama ɗauka, kife wayar ka saurara ba tare da kallo ba. In da hali ma, miƙa ta a kife ga wanda bai karanta rubutun ba, ka tambaye shi: su wane ne waɗannan biyun, kuma me ke tsakaninsu? Idan ya kasa gane cewa uwa ce da ɗiyarta, ko bashi ne ake bi, to fitila ba za ta gyara wannan ba.

Maganar farin bango kuwa, ita ce nasihar da ta fi cutar da yaranmu. Kyamarar waya da kanta take auna haske. Idan ta ga farin bango a baya, ga kuma farar shadda a jiki, sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya, baƙar fuska ta nutse, ya rage haƙora da fararen idanu. Wanda ya rubuta nasihar bai yi tunanin fatarmu ba. Bango mai launin ƙasa ko toka, ko zane marar ado mai shuɗi da aka rataya, ya fi mana. Taga ta kasance a gabanka, kada ta zama a bayanka, sannan a dangwala fuskarka a kan gilashin wayar don ta auna haske da ita. Waya a kwance, sai in an ce a tsaye, a jingine ta daidai tsayin ido ko da a kan tarin littattafai ne. A kashe filtar nan mai fara da fuska, domin daraktan da ya zaɓi wata fuska ya ga wata daban ranar ɗauka ba zai sake kira ba. Wajen aikawa a tura bidiyon a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse wanda aka tura kai tsaye. Zai ci mega, amma ya fi. Iyakar abin da ke cikin maganar kayan aiki ke nan, kuma ana iya koyonsa a yamma ɗaya.

Abin da ba a koya a yamma ɗaya shi ne karatun rubutun. Bokon Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutu ɗaya ne, haka wuya ta jiki da wuya ta wahala, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Sannan rubutun da ake turowa yawanci a waya aka buga shi, babu ƙugiya ko ɗaya, sai ka ga “an kai shi fada” ba ka san gaban sarki aka kai shi ba ko wurin dambe, ka ga “baki” ba ka san na magana ba ne ko masu sallama. Mu a Nijar muna da ƙarin nauyi. Yawancinmu da Faransanci muka koyi karatu a lakwal, idonmu ya saba da “tch” da “ou”, don haka Hausar da muke yi tun muna goye sai ta zama baƙuwa idan muka gan ta a takarda. Na sha jin yarinya mai zaƙin baki a hira, da ta kama rubutu sai ta koma tana tsinkar kalmomi ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Maganin abin ba wani boyayye ba ne: a karanta da ƙarfi, sau da yawa, a gaban wanda ya iya, har jimlar ta bar takarda ta koma baki. Wanda ya haddace da ido kawai, ana jin takardar a muryarsa ko da ya ɓoye ta.

Yanzu ga inda na fi damuwa. Ɗauki fitowar da ake yawan bayarwa a irin wannan gwaji: miji ya shigo ya shaida wa matarsa zai ƙara aure. A bidiyoyin da nake gani, yayin da mai karanta layin mijin yake magana daga bayan waya, fuskar ƴar wasan fayau take, babu kowa a gidan. Wani lokaci har za ka ga leɓenta yana motsi, tana bitar abin da za ta faɗa. Da ya kai aya sai ta fashe da kuka, ta dafe ƙirji, ta yi salati. Kukan yana iya yin kyau, amma bai fito daga maganar da aka yi mata ba, ajiye yake tun kafin a kunna waya. Mace ta gaske labarin yana isa fuskarta kafin bakinta ya buɗe. Wata ma murmushi za ta yi, ta tambaye shi ko a kawo abinci, kuma wannan ya fi kukan ban tsoro. Darakta mai hankali daƙiƙun da ba ka magana yake kallo, don a nan ake gane wanda zai iya tsayawa gaban wani ɗan wasa.

TikTok na da hannu a wannan, kuma ba zagin TikTok nake yi ba, ya fito da mutane da yawa. Amma horon da yake bayarwa shi ne ka kalli tsakiyar kyamara, ka motsa baki a kan muryar wani, ka cika kowace daƙiƙa da motsi kada mai kallo ya wuce. Fim akasin haka yake so. Ido ya sauka gefen kyamara kaɗan, inda abokin maganarka yake tsaye, kuma a bar shiru ya yi aikinsa. Shi ma abokin karatun a zaɓe shi da kyau. Ya fi ka kusa da makirfo, don haka ya sassauta murya, kada kuma ya zama ƙanenka da zai riƙa ƙunshe dariya. Wanda zai ba ka layin da gaske, har ya ɓata maka rai in rubutun ya ce haka, shi ne ya taimake ka.

Sai kwaikwayon manya. Cikin samari goma da za su turo bidiyon soyayya, za ka tsinci ɗage girar Ali Nuhu da taƙamar Adam A. Zango sun fi fuskokin yaran yawa. Tun da Labarina na Aminu Saira ya fito a 2020, ƴan mata da dama suka koma yin magana irin ta Sumayya. Masu barkwanci kuma har yau zare idon marigayi Rabilu Musa Ibro suke ara, shekaru bayan rasuwarsa a 2014. Daraktan da ke son Ali Nuhu ya san lambarsa. In akwai abin ɗauka daga magabata, to a ɗauki sanin lokaci. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ta rediyo mutane da yawa suka fara saninsa, haka mu ma iyayenmu sun zauna gefen akwatin rediyo da tele don su Yazi Dogo. Mutanen nan sun san tsawon numfashin da za su ja kafin su saki magana. Girman motsinsu na dandali ne, ba zai shiga hoton kusa ba, amma wannan numfashin yana shiga ko'ina.

Akwai wani abu namu da masu nasihar waje ba za su taɓa tunawa da shi ba, wato kunya. Suna cewa ka ɗaga ido kyamara ta gan shi. To amarya ce a gaban surukinta, ko ɗa ne uban yake yi wa faɗa, ina zai kai idon? Idan ya zuba wa dattijo ido ya ɓata wasan, duk Bahaushe zai ce yaron ba shi da tarbiyya. Idan kuma ya kifa haɓa a ƙirji, abin da darakta zai kalla minti biyu shi ne hula ko ɗankwali. Waɗanda na ga sun iya, ido suke saukarwa ba kai ba, su karkatar da shi gefe, su ɗago shi sau ɗaya tak a wurin da maganar ta yi zafi, su mayar. Wannan ɗagowar guda tana faɗin abin da shafi biyu ba su faɗa ba. Sai an gwada a gaban waya an duba, don madubi ba ya nuna maka kanka lokacin da idonka ke ƙasa.

Tambayar da yaran suka fi yi mini ita ce ta harshe. Su yi Hausarsu, ko su yi Kananci? Tambaya ce mai nauyi, don tun Turmin Danya a 1990 Kano ce cibiyar wannan sana'a, kuma Hausar Kano ce ta zama Hausar jarumi da jaruma. Mai cewa “munka tahi” da “mi kake so” sau da yawa matsayin baƙauye ko na ban dariya ake ba shi. Yaranmu sun ga haka, shi ya sa suke murɗe baki. Matsalar ita ce rabin hankalin ɗan wasa yana tafiya wajen gadin harshensa, kada “tahi” ta kuɓuce, sai sauran rabin ne ya rage wa wasan. Kuma da zuciya ta ɗauki zafi a tsakiyar fitowa, Hausar gida takan leƙo, Bakano kuwa ba ya bukatar jimla biyu kafin ya gane.

Ra'ayina shi ne, wanda ya iya Kananci da gaske, ya zauna cikinsa har yana iya faɗa da shi, ya yi. Wanda bai kai nan ba ya bi kalmomin rubutun yadda aka turo su, amma ya bar karin bakinsa yadda Allah ya yi shi. A gabatarwar farko, inda ake faɗin suna da gari da harsunan da mutum ke ji, ya faɗi cewa daga Maraɗi yake ko Tawa ko Damagaram, ba tare da neman afuwa ba. In rubutun gajere ne, babu laifi a tura ɗauka biyu, a bar darakta ya zaɓa. Masana'antar ba ta rufe ƙofa ga na waje ba: Hadiza Gabon daga Libreville ta zo, Fati Nijar da muryarta ta cika finafinai daga nan Maraɗi ta tafi. Amma laifin ba na yara kaɗai ba ne. Marubucin da ya kasa tunanin likita ko alƙali mai Gobiranci, shi ma yana da gyara. Hausawan Tawa suna soyayya, suna mutuwa, suna cin amana, duk da bakinsu.

Duk lokacin da ake wannan gardama Umaru Ganda nake tunawa. Jean Rouch ya haɗu da shi a Abijan, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indocin yana aikin ƙarfi, ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. An ɗauki hotunan babu sauti. Daga baya ne Ganda ya zauna yana kallonsu yana magana a kai, da Faransancinsa na titi, yana ba da labarin kansa. Wannan muryar ce ta ɗauki fim ɗin, ba ta yi kama da ta kowa a Faransa ba, kuma ba ta nemi ta yi kama ba. Mutumin nan shi ne ya zo ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame, yau ga cibiyar al'adu da sunansa a Yamai.

Wani lokaci gwajin kai tsaye ake yinsa, ta kiran bidiyo. Nan rezo ne sarki. Murya takan makara, don haka a bar ɗan tazara kafin a amsa, a cika batir tun da wuri, a gwada wurin da kiran wani kafin lokaci ya yi. Kuma a sani cewa kyamara ba ɗan wasa kaɗai take nunawa ba, har da ɗakinsa. A Nuwamban 2020 wani matashin ɗan wasan Amurka, Lukas Gage, ya saki wani guntun bidiyo na gwajin da ya yi ta Zoom, inda daraktan ya manta bai kashe makirfonsa ba, aka ji shi yana tausaya wa talakawan da ke zaune a irin waɗannan ƙananan ɗakuna. Yaron ya amsa masa cewa ya ba shi aikin sai ya nemi ɗaki mafi kyau. Daraktan ya fito ya nemi gafara daga baya. Idan a can an auna mutum da ɗakinsa, ina ga yarinyar da ke ɗauka a zaure? Zanen nan marar ado da na ambata, wannan ma aikinsa ne. Ba wanda ya kamata ya ci bashi don ya kama ɗakin otal na yini guda.

Masu kiran gwajin su ma akwai haƙƙi a kansu, kuma ba a cika faɗa musu ba. Ƴan wasan Amurka da suka yi yajin aikin kwana 118 a 2023, cikin abin da ƙungiyarsu ta SAG-AFTRA ta samo har da ƙa'idojin irin wannan bidiyo: a ba ɗan wasa rubutu aƙalla awa 48 kafin wa'adi, kada gwajin farko ya wuce shafi 8, kada a tilasta masa hadda, kada a nemi ya tuɓe. Mu ba mu da mai tsaya mana haka. Ana turo rubutu da dare a ce da safe ake so, yaro ya ƙona megarsa, sannan ko “mun gani” ba za a ce masa ba. Ba ya kuma sanin inda bidiyon zai kwana. Na ga an ɗauki gwajin wasu an watsa ana dariya, don shafi ya samu mabiya.

Ga ƙannena mata wannan ya fi komai muhimmanci. Bidiyo idan ya bar hannunki ba naki ba ne kuma. Waɗanda suka isa tunawa sun san yadda bidiyon waya guda ya girgiza masana'antar Kano a 2007, aka dakatar da aiki, kuma macen ce ta ɗauki mafi nauyin abin. Kafin ki tura komai, ki nemi sunan kamfanin da finafinan da ya taɓa yi, ki tambayi wani ɗan wasa da kika sani ko ya san su. Kano na da hukumar tace finafinai da ke rajistar ƴan wasa, akwai kuma ƙungiyar MOPPAN, don haka mai aikin gaskiya ba ya rasa wanda zai shaide shi. Gwajin gaske rubutu yake turowa. Wanda ya ce ki juya a ga bayanki, ko ki cire mayafi, ko ya ce sai ƙarfe sha ɗaya na dare zai kira ki ke kaɗai, ba fim yake shiryawa ba. Ki ɗauki abin da za ki iya kunna wa mahaifiyarki, in ma da hali ita ko yayarki ta riƙe miki wayar. Idan kuma ya ce sai kin tura jika biyar na fom kafin a buɗe bidiyonki, ki riƙe kuɗinki ki sayi mega.